Wadannin karfasa a akwatin gilas: za su rayu a ƙasar Tiga?

Wanda ya saba zuwa bakin dam ɗin Tiga da sassafe, lokacin da masunta ke zazzage abin da kalli ya kamo, ba zai rasa yin katari da karfasar da aka buɗe bakinta aka tarar da shi maƙil da ƙwai ba, wani sa'in ma da 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya masu motsi. Ba cinye su ta yi ba, raino take yi. Macen karfasar da aka fi sani takan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki kusan mako biyu, ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe su iya iyo. Akwai wata karfasar kuma mai jan ciki wadda ba ta goyo a baki. Ita rami take share wa a inda ruwa bai da zurfi, ita da namijin su tsaya gadi, duk kifin da ya matso su fatattake shi.

Wannan rainon shi ne tambarin dangin baki ɗaya. Masana suna kiran dangin sikilid, kuma sun rubuta nau'i fiye da 1,600 a cikinsa, yawancinsu a Afirka da Kudancin Amurka. Karfasarmu ta miya tana cikin manyansu. Akwai kuma wadanni, waɗanda ko sun tsufa ba sa wuce santimita 10 zuwa 12, wasu ma ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Su ne masu sha'awar kifin ado ke sakawa a akwatin gilas a cikin ɗaki, don su ga abin da masunci ya sani amma ruwa ya ɓoye masa: yadda ake neman aure, yadda ake zaɓen gida, yadda ake kiwon 'ya'ya.

Shin mutumin Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa zai iya wannan kiwo? Ni dai a ganina zai iya, amma ba ta bin bidiyon Turawa da ke YouTube sau da ƙafa ba. Mai wancan bidiyon ya ɗauka wuta ba ta ɗaukewa, ya kuma ɗauka zafin ɗakinsa ɗaya ne rani da damina. Akwatin da zai ɗore a nan shi ne wanda aka tsara tun farko domin ranar da babu wuta.

Za a sami mai cewa, ina amfanin kifin da ba za a ci ba? Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai tantabaru yakan kashe kuɗi a kan tsuntsun da ba zai yanka ba, haka mai kanari da mai aku. Malamai ba su hana tsare dabba don sha'awa ba matuƙar za a ba ta haƙƙinta, kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Kifi ba ya kuka, shi ya sa haƙƙinsa ya fi saurin salwanta ba tare da mai shi ya ankara ba.

Abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin wadannin sikilid da suka fi shahara a duniya ɗan Najeriya ne. Sunansa na ilimi Pelvicachromis pulcher, masu kiwo kuma suna ce masa kiribensis. A 1901 wani masanin kifi na gidan tarihin Landan, George Boulenger, ya fara bayyana shi daga kifayen da aka kamo a kogin Ethiope kusa da Sapele, cikin jihar Delta ta yanzu. Tun farkon ƙarni na 20 aka kai shi Jamus, kuma yau da wuya ka shiga shagon kifin ado a Turai ko Amurka ka rasa shi. Yaron birnin Hambug na Jamus ya fi yaron Kano sanin kifin nan, alhali daga ƙasarmu aka ɗauke shi. Har yanzu ma ana fitar da kifayen ado da aka kamo a kogunan kudu zuwa waje ta Legas.

Namijin yakan kai santimita 10 ko ɗan fi, siriri ne, wutsiyarsa mai tsini. Macen ta fi gajarta da kauri, kuma saɓanin yawancin kifaye, ita ce mai kwalliya. Idan lokacin aure ya yi cikinta sai ya rine ya zama ja mai shuni-shuni, ta zo gaban namijin ta lanƙwashe jiki tana karkarwa tana nuna masa cikin. Idan sun daidaita sai su nemi kogo, su yi ta kwashe yashi da baki suna fitarwa waje har ya yi musu yadda suke so. Takan manna ƙwai a rufin kogon, daga 40 zuwa 100, wani lokaci fiye. Cikin kwana uku sukan ƙyanƙyashe, bayan kamar mako guda uwar ta fito da su. Daga nan abin kallon yake farawa. Iyayen biyu suna kora garken 'ya'yan daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wanda ya ɓalle a cafko shi da baki a tofar da shi cikin 'yan uwansa. Idan inuwar mutum ta gifta, uwar ta kaɗa fiffike, nan take duk su lafe a ƙasa kamar ba su. Da magariba a mayar da su kogo. Mutum zai iya zama awa guda yana kallon wannan bai sani ba.

Ba kyau kaɗai ya sa na fifita shi ba. Kiribensis yana da juriya. Yana rayuwa a ruwa mai ɗan tsami da mai ɗan kanwa-kanwa, yana cin kusan duk abin da aka ba shi, kuma zafin da yake so, digiri 24 zuwa 27, bai yi nesa da na ɗakunanmu a yawancin watanni ba. Sauran da ake yayi a intanet sun fi shi tsirfa. Ramirezi, wanda ya fito daga fadamun kogin Orinoko a Benezuwela da Kolombiya, yana da launi kamar an zana shi, amma ruwan ɗumi yake so, digiri 27 zuwa 30, kuma ba ya yafe ƙazantar ruwa ko kaɗan. Zai ji daɗin bazararmu, hunturu kuma ya kashe shi. Dangin Apistogramma na Kudancin Amurka, masu nau'i sama da 90, yawancinsu sai ruwa mai laushi ƙwarai mai tsami. Ba kifin ɗan koyo ba ne. Wanda rijiyarsa ke da zartsi kuwa, akwai 'yan ƙanana na tafkin Tanganyika masu zama cikin ƙwanson dodon koɗi, su irin wannan ruwan suke so, sai dai samunsu a Arewa aiki ne.

Akwai kuma na gida. Dangin Hemichromis, wani ɗan kifi ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi masu ƙyalli, yana ko'ina a ruwayen Afirka ta Yamma, har da waɗanda ke malala zuwa tafkin Chadi, inda kogin Kano ma yake dosa bayan ya haɗu da Challawa ya zama kogin Haɗeja. Ya saba da hunturunmu da bazararmu, ba sai an lallaɓa shi ba. Aibinsa faɗa. Idan ya yi 'ya'ya ba ya barin kowa a akwatin da rai, don haka mace da namiji kaɗai ake ajiyewa. Amma kada wani ya ɗebo 'ya'yan karfasar miya don ya ga ƙanana ne. Cikin watanni kaɗan za su cika akwatin, su tumɓuke shuka, su dagula ruwa.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce rabin kiwon. Ta fuskar yawa kam yankin ba ya kuka. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, yana kuma iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ga na Bagauda, ga kogin Kano da ya ratsa dajin Falgore. Amma ba kowane ruwa ake zuba wa kifin akwati ba. Ruwan dam da na rafi da damina sukan zo da laka da ƙwayoyin cutar kifi, da kuma abin da ya wanko daga gonakin masara da shinkafa na taki da maganin feshi. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, sai an bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni kafin a yi amfani da shi. Mafi aminci shi ne na rijiya ko na burtsatse da mutane ke sha ba tare da ƙorafi ba. Ƙasar kudancin Kano a kan dutse take zaune, irin dutsen da ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi, shi ya sa ake sa ran ruwan rijiya ya zama mai laushi, wanda kiribensis ke so. Duk da haka rijiya da rijiya sukan bambanta ko a unguwa ɗaya. Sabulu yana ba da haske: ruwan da ke kumfa da wuri mai laushi ne. Wanda ya sami takardar gwajin tsamin ruwa, wato pH, ya nemi tsakanin 6.5 da 7.5. Mutanen Riruwai kuma su guji ruwan tsofaffin ramukan kuza, don ƙarfen da ke narke cikin irin wannan ruwa yakan kashe kifi tun kafin mutum ya ji canji a bakinsa.

Wani abin ban sha'awa a nan: bincike ya nuna tsamin ruwa yana shafar jinsin 'ya'yan kiribensis, idan ruwan ya yi tsami sosai maza sukan fi yawa. A dangin Apistogramma kuma zafi ne ke rinjayar da su zuwa maza.

Abin da ya fi kashe kifin sabon mai kiwo ba a ganinsa da ido. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta maƙoshinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe shi take zama. A dam ruwa ya yi yawa, babu damuwa. A akwati kuwa guba ce mai taruwa, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko ya yi kanwa. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zama a jikin soso da yashi da duwatsu. Suna juya amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan ya zama naitiret, wanda shuka ke sha ko a rage shi ta canjin ruwa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin sai an yi mako huɗu zuwa shida. Wanda ya sayo akwati da kifi rana ɗaya ya haɗa, yawanci kafin sati biyu yake fara kwasar gawa, ya ce an sayar masa da marasa lafiya. Hanyar ita ce a cika akwatin, a sa yashi da shuka da matacin soso, a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan ba kifi, a yi haƙuri wata guda. Bayan kifi ya shiga kuma kada a taɓa kwashe komai a wanke da omo don neman tsabta. Rubu'in ruwan ake canzawa duk mako, soson kuma a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. A akwatin lita 100 jarka ɗaya ce ta lita 25, kuma tsohon ruwan taki ne ga zogale ko barkonon tsakar gida.

To, a nan ne gizo ke saƙar: zafi, sanyi da wuta. A Disamba da Janairu daren ƙasar Kano yakan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, a tudun Doguwa kuwa ba a magana. A Afrilu rana takan kai 40. Kifin da ya fito daga dazuzzukan Neja Delta bai san ko ɗaya ba. Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 yakan daina cin abinci, jikinsa ya yi rauni, cutar fararen ɗigo ta kama shi. Idan ya haura 30 iskar da ke cikin ruwan ta ragu: lita guda da ke riƙe kusan miligiram 9 na iskar shaƙa a digiri 20, kusan 7.5 take riƙewa a digiri 30, ga shi kuma a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Abin da ya fi duka muni shi ne sauyin gaggawa, rana zafi dare sanyi.

Maganin farko girman akwati ne. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Littattafai sukan ce lita 60 ta ishi mace da namiji, amma a nan ba zan ba kowa shawarar ƙasa da lita 100 ba, wato kamar santimita 80 a tsawo, 35 a faɗi, 40 a tsayi. 'Yar ƙwaryar gilas ɗin nan mai zagaye da ake gani a fina-finai kabari ce kawai. Masu aikin alminiyon da gilas za su iya haɗa akwatin da gilas mai kaurin milimita 6, muddin gam ɗin silikon da za su sa ba mai maganin fumfuna ba ne. A tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, da yashi da gilas abin zai wuce buhun masara nauyi, don haka teburin roba ba zai ɗauka ba.

Na biyu ɗaki. Soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano marar silin nesa ba kusa ba, domin zafinsa ba ya hawa da sauka da yawa. A nisanta akwatin daga taga da hasken rana kai tsaye. Da hunturu a manna kwali ko farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji a baya da gefuna, da dare a rufe da bargo. Hita mai wat 100 tana da amfani idan akwai wuta, amma ƙaramin batirin sola ba zai riƙe ta har asuba ba, kuma wanda ya dogara da ita kaɗai zai sha mamaki daren da aka ɗauke wuta. Da bazara a ɗage murfin a sa raga, a bar 'yar fanka tana hura saman ruwan. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa, haka wannan ke rage digiri biyu ko uku, musamman da yake iskarmu busasshiya ce. Kada a jefa ƙanƙara. Ɗan ma'aunin zafi na gilas ya fi duk wani ado da za a saya muhimmanci.

Na uku shi ne rage dogaro da inji. Rufaffen matacin lantarki mai tsada, idan wuta ta ɗauke na sa'o'i, ƙwayoyin cikinsa sukan shaƙe su mutu, wuta na dawowa ya watso ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Matacin soso a buɗe yake cikin ruwan, ya fi jure wannan. Ɗan injin iskar da ke tafiyar da shi wat biyu ko uku yake ci, akwai ma wanda ake jonawa da batirin cajin waya. A kan wannan sai a ƙara abu biyu: kifi kaɗan, shuka da yawa. Mace ɗaya da namiji ɗaya a lita 100 za su kwana lafiya ko injin ya tsaya. Kifi ashirin ba za su kai safe ba.

Shuka kuwa ba sai an yi odarta daga nesa ba. Kainuwa, dashen Allah, tana shan naitiret, tana yi wa kifin inuwa, shi kuma dama ba ya son haske mai ƙarfi. Sai dai a riƙa rage ta kada ta rufe saman ruwan gaba ɗaya. A kuma wanke ta sosai a ajiye ta a wani bokiti na wasu makonni, a tsince duk dodon koɗin da ya bayyana, domin ƙananan dodon koɗin ruwan dam da na magudanan noman rani su ne ke ɗauke da tsargiya. Yashin kogi mai laushi da aka wanke ya fi tsakuwa, saboda kifin yana son tona. Kogo kuma, 'yar tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa ko ɓawon kwakwa sun wadatar, a sa biyu ko uku macen ta zaɓa.

Ice ne ke buƙatar hattara. Magimfa da ɓawon aduwa da makubar ɗorawa duk an san su da sa kifi maye ko kashe shi, don haka ba kowane reshe ake tsinta a jefa ba. Haɗarin da ya fi kusa ma yana cikin ɗakin. Maganin sauro na fesawa da fiya-fiya da na kunnawa duk dafi ne ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. In za a yi feshi a rufe akwatin ruf, a kashe injin iska, ko kuma a haƙura da feshi a ɗakin. Kada a yanki gidan sauro mai magani a yi abin kamun kifi da shi. Hannun da ya taɓa man shafawa ko kananzir kada ya shiga ruwan. Yara kuma a nuna musu tun ranar farko cewa ba a jefa tuwo.

Abinci ba matsala ba ne. Ƙananan ƙwayoyin abincin 'ya'yan tarwaɗa da masu kiwon kifi ke saya sun yi, a murƙushe su. A haɗa da tsutsar sauro da yankakkiyar tana da gara. Abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. Ƙoshi ya fi yunwa kashe kifin akwati. Mai tsoron kada akwatin ya zama matattarar sauro ya kwantar da hankalinsa, tsutsar da ta shiga ba ta fita.

Wahalar da ta rage ita ce samun kifin. Masu sayar da kifin ado a birnin Kano sun fi kawo jan kifin nan na Sin da ire-irensa, kiribensis sai an yi sautu, galibi daga Legas. A nemi matasa biyar ko shida a bari su zaɓi junansu, sannan a ba da sauran, don auren dole a wurinsu yakan ƙare da kisa. A ɗauko su da asuba, leda cikin kula, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu. Tafiyar Kano zuwa Kwanar Dangora, balle a miƙa Tudun Wada a ratsa Falgore, ta isa ta dafa kifi a but ɗin mota da rana tsaka. In an iso a ɗora ledar a kan ruwan akwatin minti ashirin, a riƙa ƙara mata ruwan kaɗan-kaɗan kafin a sake su.

Idan komai ya tafi daidai, cikin 'yan watanni mai kifi biyu zai wayi gari da hamsin, bayan wasu makonni a sake yin wasu. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya kai rarar ya juye a Tiga ko rafin bayan gari da sunan tausayi. Giwan ruwa ɗan gida ne a wurinmu, amma da aka saka shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓatar da nau'in sikilid kusan 200 da babu su a ko'ina sai can. Baƙon kifi, ko cutar da ya ɗauko, ba a san abin da zai yi wa karfasar da dubban masunta ke ci da ita ba. Rarar tana da inda za ta. Makarantun sakandare da yawa suna koyar da darasin halittu da zanen allo kawai, akwati ɗaya a ɗakin gwaji zai nuna wa ɗalibi abin da shafi goma ba su nuna ba. Masu shagon birni kuma da ke biyan kuɗin mota daga Legas, suna asarar wasu a hanya, za su so wanda aka haifa a ruwan Kano. Matasan da suka koyi ƙyanƙyasar tarwaɗa a cibiyar koyar da kiwon kifi ta Bagauda sun riga sun san rainon ƙananan 'ya'ya da canjin ruwa da awon abinci. Tarwaɗa sai an yi mata allura an matse ƙwai an yanka namiji, kiribensis kuwa tukunya kawai yake nema a kife masa.